KUJERAR ƘARFEN ZUBI: YADDA AKE ZAƁEN TA DA YADDA AKE KULA DA ITA



Idan kaka ta yi, an kai gero rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, ɗan kuɗi yakan shigo hannu. A lokacin ne magidanci yake tunanin sayen kujerar da zai ajiye a ƙofar gida don baƙi. A lokacin ne kuma ƴan ƙungiyar manoma, ko ƙungiyar mata, ko ƴan ajin yaƙi da jahilci suke haɗa kuɗi su sayi benci don wurin taro. Da yawa suna cewa: "Mu sayi ta ƙarfe, ita ce ba ta mutuwa." Gaskiya ne gara ba ta cin ƙarfe, rana kuma ba ta ƙona shi kamar yadda take ƙona roba. Amma ƙarfe iri-iri ne, kuma kowane da abin da yake kashe shi. Yau za mu yi bayani a kan kujerar ƙarfen zubi. Abu biyu take tsoro: duka da ruwa. Wanda ya kiyaye ta daga waɗannan biyu, jikokinsa ma za su zauna a kanta.

MENE NE ƘARFEN ZUBI?

Kun san aikin maƙeri. Yana sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗora shi bisa uwar maƙera, ya yi ta duka har ya zama hauya ko lauje. Wannan ƙarfen ƙira ne. Kun san kuma aikin mai walda. Yana yanka rodi ko bututun ƙarfe, ya lanƙwasa, ya liƙa su da wuta. Yawancin kujerun da muke gani a fada da bakin shaguna, waɗanda ake saƙa wa igiyar roba, aikin mai walda ne.

Ƙarfen zubi daban yake. Shi ba a dukan shi, ba a lanƙwasa shi. Narkar da shi ake yi har ya zama ruwa, a zuba shi cikin mazubi na yashi mai siffar abin da ake so. In ya huce, a fasa yashin, a fitar da abin. Don haka ne ake iya yi mishi ado na ganye da furanni. A Ingila, a wani wuri mai suna Coalbrookdale, an yi suna wajen zuba irin waɗannan kujeru da bencina tun cikin shekarun 1800, kuma har yau akwai waɗanda ake zama a kansu.

Ko da ba ku taɓa jin sunan ba, kun san wannan ƙarfe. Ƙafar tsohon keken ɗinki na taka-taka, da tsohon dutsen guga na gawayi mai nauyi, da faifan haƙoran injin niƙa, duk da shi aka saba yin su.

Abin da ya bambanta shi da sauran ƙarfe shi ne sinadarin gawayi da ke cikinsa, wanda masana ke kira karbon. Ƙarfen zubi yana da kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na wannan sinadari. Rodin gini bai kai ko kashi 1 ba. Yawan karbon ɗin nan ne ya sa ƙarfen zubi yake narkewa da sauƙi, a zafin da ya kai wajen digiri 1200. Shi ne kuma ya sa yake da gautsi. Idan aka buga rodi da ƙarfi, lanƙwashewa zai yi, a miƙar da shi. Idan aka buga ƙarfen zubi, karyewa zai yi kamar tukunyar ƙasa. Yana ɗaukar nauyin da aka ɗora mishi a hankali, amma ba ya jure faɗuwa.

KADA A SAYAR MAKA DA WANI ABU DABAN

Akwai kujerun da ake zubawa da alminiyom, irin farin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi a kasuwar Katako ta Yamai da sauran garuruwanmu. In an shafa musu fenti, ido ba ya rarrabe su da ƙarfen zubi. Ga yadda za ka gane:

1. Tafi kasuwa da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Ana samun shi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo. Zai manne wa ƙarfen zubi, zai manne wa rodi, amma ba zai manne wa alminiyom ba.

2. Ɗaga kujerar. Ƙarfen zubi ya fi alminiyom nauyi kusan sau 3. In ka ɗaga ta da hannu ɗaya ba tare da wahala ba, to ba ƙarfen zubi ba ce.

3. Shafa jikinta. Ƙarfen zubi yana da ɗan kaushi kamar yashi. Sau da yawa za ka ga wani siririn layi a gefe, inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu.

4. Dubi mahaɗai. Kujerar zubi gunduwa-gunduwa ake zuba ta: mazauni, majingina, ƙafafu. Sannan a ɗaure su da noti. In ka ga tabon walda a kowace mahaɗa, to aikin mai walda ne.

Ba mu ce kujerar alminiyom ko ta walda ba ta da kyau ba. Ta alminiyom ba ta yin jar tsatsa. Ta walda tana da sauƙin ɗauka, kuma in ta karye, kowane mai walda zai gyara ta. Abin da muke so shi ne ka san abin da ka biya kuɗinsa.

WA YA KAMATA YA SAYI TA ZUBI?

Kafin ka fitar da kuɗi, tambayi kanka: ina za a ajiye kujerar nan?

In za ta zauna wuri ɗaya ne, kamar ƙarƙashin rumfar mai gari, ko ƙofar shagon ƙungiya, ko gindin bedi a tsakar gida, ta zubi ta dace. Nauyinta yana da amfani: guguwar farkon damana ba ta kayar da ita, yara ba sa jan ta, kuma ɗaukar ta da dare ba abu ne mai sauƙi ba.

In kuwa kujerun da za a riƙa ba da haya ne, yau suna gidan suna, gobe gidan biki, ana loda su bisa amalanke ana saukewa, kada ku sayi na zubi. Wurin lodi da saukewa ne za su karye. Ku sayi na walda.

Ga wani lissafi da za ku iya yi a aji. Misali ne kawai, ku sa kuɗin kasuwarku a wurin namu. A ce kujera ta jika 5 ta yi shekara 2 ta mutu. Kowace shekara ta ci maka 2500 F. A ce wata ta jika 20 ta yi shekara 20. Kowace shekara ta ci maka 1000 F, sai kuɗin fenti. Amma in ta jika 20 ɗin ta karye a shekarar farko, ita ce ta fi tsada. Ashe ribar tana ga kulawa.

ABIN DA ZA KA DUBA A KASUWA

Yawancin kujerun zubi daga waje suke zuwa, da dama kuma tsofaffi ne, an riga an yi aiki da su. Mai sayarwa yakan shafa musu sabon fenti. Fenti kuwa yana ɓoye aibu. Kada ka yi gaggawa, ka duba da rana tsaka.

Na farko, nemi tsaga. Tsaga ita ce babban aibun ƙarfen zubi. Takan fito a inda ƙafa ta haɗu da mazauni, da gefen ramin noti, da wuraren ado masu siranta. Ɗaga kujerar kaɗan, ka ƙwanƙwasa kowane ɓangare a hankali da ƙaramin ƙarfe. Lafiyayyen ɓangare yana amsawa sarai. Mai tsaga yana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya, irin yadda uwar gida take gane tsagaggiyar tukunya a kasuwa.

In kana shakka a kan wani wuri, ga dabarar makanikai. Shafa kananzir a wurin, ka jira kaɗan, ka goge shi tas da tsumma. Sai ka shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzirin da ya shige ciki zai fito, ya zana layi a jikin allin.

Na biyu, juya ta ka dubi ƙafafu. Tsatsa daga ƙasa take farawa. Jar tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, ana kankare ta. Amma in ƙarfe yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko ya yi ramuka masu zurfi, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran siranta, bar ta.

Na uku, dubi notina. Su cika, kada ko ɗaya ya ɓace. Inda aka ɗaure da waya a maimakon noti, akwai magana.

Na huɗu, dubi tsohon gyara. In ka ga tudun walda a jikin ƙafa, ka san ta taɓa karyewa. Walda a majingina da sauƙi. Walda a ƙafa haɗari ce.

Na biyar, zauna a kanta. Ajiye ta wuri mai daidai. Ƙafafu 4 su taɓa ƙasa gaba ɗaya. Jingina, ka motsa hagu da dama. Kada ta yi rawa, kada ta yi ƙara.

In benci ne mai gefe biyu na ƙarfe da katako a tsakiya, dubi katakon ma. Soka shi da wuƙa ta ƙasa. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tana bin jikinsa ta hau ta ci katako.

YADDA ZA A KAI TA GIDA

Kujeru da yawa a hanya suke mutuwa, tun ba a zauna a kansu ba. Shimfiɗa kara ko tsofaffin buhuna a cikin amalanke. Sa buhu tsakanin kujera da kujera. Ɗaure su da igiya kada su riƙa bugun juna. Kada a ɗora musu buhun hatsi ko na siminti. In an iso, mutum biyu su sauke ta. Kada a jefo ta daga saman mota, ko da bisa yashi ne.

INDA ZA A AJIYE TA

Tsatsa tana bukatar abu biyu: ruwa da iska. Iska ba ta da makawa. Ruwa ne za mu iya hanawa.

Ƙasarmu busasshiya ce, wannan sa'a ce ga ƙarfe. Daga Oktoba zuwa Mayu tsatsa ba ta ci sosai. Aikinta tana yin shi ne a watannin damana, daga Yuni zuwa Satumba. Kujera mai nauyi tana nutsewa cikin yashi. Yashi mai laima ya riƙe ƙafafunta kwana da kwanaki, tsatsa ta ci su a ɓoye. Don haka a sa mata faffaɗan dutse ko guntun bulon siminti ƙarƙashin kowace ƙafa. Duka huɗun su zama daidai, domin in ƙafa ɗaya tana reto, nauyi yana komawa kan sauran, wata rana ɗaya ta tsage.

Kada a ajiye ta ƙarƙashin indararo. Kada a ajiye ta kusa da randa ko bakin rijiya inda ƙasa ba ta bushewa.

Akwai abubuwan gidan manomi da ke sa tsatsa ta yi sauri: takin zamani, gishiri, kanwa, da fitsarin dabbobi. Kada a jingina buhun taki da kujera, kada a ajiye su ɗaki ɗaya. Kada a ɗaure akuya ko tunkiya a ƙafarta. Ban da fitsari, dabba in ta firgita za ta fizge ta, ta kayar.

A tuna da zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Baƙin ƙarfen da ya yini cikin rana yana iya ƙona fatar yaro. A ajiye kujera a inuwa, a shimfiɗa mata ƴar tabarma ko matashi. Da dare a ɗauke shimfiɗar, kada ta sha ruwa ta kwana bisa ƙarfe. Fenti mai haske, kamar fari, bai kai baƙi ɗaukar zafi ba.

Wasu suna lulluɓe kujera da leda su ɗaure tam duk damana. Wannan kuskure ne. Leda tana tara gumi a ciki, ƙarfe ya yini a jiƙe. In za a rufe, a rufe sama, a bar ƙasa a buɗe iska ta ratsa. Mafi kyau a shigar da ita zaure.

FENTI SHI NE RIGARTA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka tsatsa take da fenti. Inda fenti ya ɓare, nan take shiga, ta bi ta ƙarƙashi, fentin ya kumbura. Lokacin gyara shi ne bazara, kafin ruwan farko, lokacin da ake gyaran hauya da garma. Ga yadda ake yi:

1. Wanke kujerar da ruwa da sabulu, ka bar ta ta bushe ƙayau cikin rana.

2. Kankare tsatsa da fentin da ya kumbura, da buroshin waya ko takarda mai yashi. Bi lungunan ado da kyau. Ba dole ne a cire fentin da ke manne da ƙarfi ba. Kada ka yi amfani da guduma.

3. Goge ƙura da busasshen tsumma.

4. A ranar, shafa fentin hana tsatsa a duk inda ƙarfe ya fito tsirara. Kada ka bar shi ya kwana a buɗe, raɓa za ta koma mishi.

5. Bar shi ya bushe gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Yau da kun iya karatu, ku karanta, ko ku nemi wanda zai fassara muku.

6. Shafa fentin mai, shafi 2 marasa kauri. Na farko ya bushe kafin na biyu. Shafi ɗaya mai kauri yana zuba, yana kuma yamutsewa.

7. Juya kujerar ka fara da ƙafafu da ƙarƙashin mazauni. Nan ne mutane ke mantawa, nan ne kuma tsatsa take.

A yi aikin da safe, a inuwa. Kada a shafa fenti bisa ƙarfe mai zafi, kada a shafa ranar da iska ke ɗauke da ƙura. Kada a shafa wa kujera baƙin man mota a maimakon fenti. Yana ɓata tufafi, yana tara ƙura, kuma ba shi da kyau ga fata.

A notina kuwa, a ɗiga ɗan mai sau ɗaya a shekara, a ɗaure wanda ya saki. A ɗaure daidai kawai. In aka matsa fiye da kima, gefen ramin zai tsage. In noti ya ƙi kwancewa, a jiƙa shi da kananzir a bar shi ya kwana. In ya ƙi duk da haka, a yanke shi da zarto a sa sabo. Noti yana da araha, ƙafar kujera ba ta da.

HATTARA DA TSOHON FENTI

Wannan magana ta shafi lafiyar yara, ku saurare ta da kyau. Wasu fentin ƙarfe, musamman tsohon fentin hana tsatsa mai launin ja-ja kamar lemo, suna ɗauke da dalma. Dalma guba ce. Tana shiga jiki ta baki da hanci, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma ido ba ya ganin ta. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 sun rasu saboda ƙurar dalma. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Saboda haka, in za ka kankare tsohon fenti:

A yi nesa da yara, da mata masu ciki, da madafa, da wurin shanyar hatsi. A yayyafa ruwa a wurin da ake kankarewa don kada ƙura ta tashi, a bari ya bushe kafin a shafa fenti. A rufe hanci da baki. A shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, a tattara abin da ya zuba a ƙulle, kada kaji da yara su same shi. Kada a ƙona tsohon fenti da wuta. In an gama, a wanke hannu da sabulu, a sake tufafi kafin a ci abinci. Gwangwanin fenti kuma kada a mayar da shi mazubin ruwa ko abinci. Wurin sayen sabon fenti, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma.

In ƙarfe ya yanke ka wurin aiki, wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ka je likita a duba ko kana bukatar allurar rigakafin tetanos. Ƙwayar wannan cuta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi.

IN TA KARYE FA?

Kada ka zubar da guntun. Kai su duka wurin mai walda, ka gaya mishi ƙarfen zubi ne. Waldar zubi ba irin ta rodi ba ce. Tana bukatar sandar walda ta musamman, mai nikel. Ana ɗumama ƙarfen tukuna, a yi walda kaɗan-kaɗan, sannan a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya huce a hankali. In aka zuba mishi ruwa, ko aka bar shi cikin iska mai sanyi, zai sake tsagewa kusa da waldar. Tambayi mai walda ko ya taɓa yin irin wannan aiki. In bai taɓa ba, akwai wata hanya: maƙeri ya yanko falle na ƙarfe, a huda, a ɗaure shi da noti ya riƙe ɓangarorin biyu, kamar yadda maɗori yake sa kara a karaya.

Kujerar da ƙafarta ta tsage, a janye ta gefe nan take har a gyara. Ƙarfen zubi ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake karyewa, bakin karayar kuma yana da kaifi. In dattijo ko mace mai ciki suna kai, abin da za a kashe a likita ya fi kuɗin kujera.

GA ƳAN ƘUNGIYA

Kayan jama'a yakan lalace don kowa yana jiran kowa. Ku zaɓi mutum ɗaya mai kula da kujeru. Magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya: yawan kujeru, ranar da aka saye su, ranar da aka shafa fenti. A ware kuɗin gwangwanin fenti tun da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, domin da bazara aljihu ya bushe.

A TAƘAICE

Da kaka: a saya da natsuwa, a gwada da maganaɗisu, a nemi tsaga.
Da ɗari: a riƙa goge ƙura.
Da bazara: a kankare tsatsa, a shafa fenti, a duba notina.
Da damana: a ɗora ƙafafu bisa dutse ko a shigar da ita zaure, a goge ta bayan ruwa.
Kullum: kada a jefa ta, kada a buge ta, kada a ɗaure mata dabba.

Ku karanta wannan takarda a aji da wurin hira, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Yawancin abin da muka faɗa game da tsatsa ya shafi garma, da amalanke, da ƙofar rumbun tsimi. In kuna da tambaya, ku rubuto mana da hannunku, za mu amsa a cikin shiri.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.